Farin Gari a Ƙullin Leda: Ta Ina Guba Ke Shiga Abincin Saye?



Kafin in ce komai, ku dubi hannuna. Ƙulli biyu ne na leda, kowanne da farin gari a ciki kamar sukari mai laushi. Ɗaya ɗan tsami ne, irin wanda ake zubawa a zoɓo da lemon haɗin gida. Jiya da la'asar na saye shi a teburin wani mai kayan haɗin lemo, ya ɗebo mini da cokali daga wata roba marar rubutu, ya ƙulle, na biya. Ɗayan kuwa daga ɗakin gwaji na ɗebo shi, kuma ba abin kai wa baki ba ne. Na ga na baya suna miƙa wuya. Ku kwantar da hankalinku, na gaba ma ba su ga bambanci ba. Bari in ajiye su nan kan tebur.

An nemi in yi magana kan hanyoyin da sinadarai masu cutarwa ke bi su shiga abincin da muke saye haɗaɗɗe. A Samaru wannan maganar cikin gida ce. Garin ɗalibai ne da ma'aikata da 'yan haya, kuma da yawansu tukunyarsu tana bakin titi. Shayi da burodi da safe, ƙosai ko awara, zoɓo mai sanyi da rana, tsire da dare in aljihu ya yarda. Mutum zai yi mako bai ga lokacin da aka ɗora abin da ya ci ba.

A watan Maris na 2021, ana tsakiyar zafi ana shirin shiga azumi, asibitocin Kano suka fara karɓar mutane da amai da jiri, fitsarinsu ya koma ja. Da farko an ɗauka wata annoba ce ta ɓulla. Da aka bi sawu, sai aka ga abin da ya haɗa su shi ne lemon gari da ake kaɗawa a ruwa, da ɗan tsamin da ake ƙara masa. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, wasu har ƙodarsu ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta gwada, ta sanar cewa abin da ake sayarwa da sunan ɗan tsami ba ɗan tsami ba ne, wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidurokzilamin. Shi ma fari ne, shi ma yana narkewa a ruwa, sai dai yana lalata jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa fitsari ya rine.

Ruwa ba ya tsami banza, amma a wannan karon masu kaɗa lemon ba su san dalilin tsamin nasu ba. Mai zoɓon da ta sayi ƙullin ba ta nufi kowa da sharri ba, 'ya'yanta ma daga wannan bokitin suke sha.

Dattawan da ke nan za su tuna 2008. Wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 a ƙasar nan, kuma Zariya na cikin garuruwan da aka riƙa kawo jarirai asibiti fitsari ya ɗauke musu. Magani ne, ba abinci ba, amma hanyar ɗaya ce. Kamfanin ya sayi ruwan haɗi a hannun dillalin da ba shi da izini, da zaton na magani ne, ashe irin wanda ake yin man birki da shi ne. Shekara 13 tsakanin wancan da na Kano, kuma ƙofar da gubar ta shigo ba ta canza ba.

Ga yadda ƙofar take. Kaya na barin masana'anta cikin buhu ko duro, da sunansa a jiki, da ranar lalacewa, da gargaɗin ko na ci ne ko na rini ne ko na jima. Babban dila ya saya, ya farke buhun ya sayar da mudu. Na biye da shi ya juye a roba. Na ƙarshe ya ƙulla a leda. A kowane hannu ana zubar da wani ɓangare na rubutun, har kayan ya iso wurin mai dafawa ba shi da shaida sai ta baki: “Wallahi mai kyau ne, Hajiya, shi kowa ke saye.” Shi mai rantsuwar ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. A ganina, wannan rabuwa ta kaya da sunansa ita ce babbar hanyar guba a kasuwanninmu, ta fi mugunta yawa nesa ba kusa ba.

Haka abin yake a gidan burodi. Akwai sinadarin da ake kira fotasiyam buromet, wanda ke ƙarfafa kwaɓin fulawa ya kumbura ya tsaya. Da fulawa kaɗan sai a sami burodi mai cika ido, wanda in ka matse shi a tafin hannu sai ya koma kamar dunƙulen auduga. A ƙa'ida zafin gashi na mayar da shi wani abu marar lahani, amma in an zuba da yawa ko an cire burodin da wuri, saura na nan a ciki. Yana cutar da ƙoda, kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake zargi da haddasa cutar. Ingila ta hana shi tun 1990. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta hana shi zamanin Dora Akunyili, kuma daga nan ne ledojin burodi suka fara ɗauke da rubutun cewa babu buromet a ciki. Rubutun kam ba ya tsada.

Wata rana wani ɗalibina ya ɗiga ruwan gwaji a kan burodin wani gida da nake saye kullum, launi ya juya nan take. Na tafi wurin mai gidan, dattijo ne mai mutunci, na same shi yana lissafin buhunan fulawa. Da na yi masa bayani sai ya riƙe baki, ya ce, “Malam, ni imfuruba na sani.” Ya shiga ciki ya fito da ita. Farin gari ne a leda. Bai taɓa jin kalmar buromet a matsayin abin da ke cikin shagonsa ba, alhali ga rubutun “babu buromet” a jikin ledar burodinsa. Na gaya masa bitamin C na yin aikin da yake nema, kuma ba a hana shi ba. Tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kilo.

Wannan tambayar tasa ta kai mu hanya ta biyu, wato tsoron asara. Ɗan kasuwar da ya tara wake da kaka ya san in ya yi sake ƙwari za su mayar masa da shi gari kafin bazara. Sai ya yayyafa fiya-fiya ko Sniper, ya ɗinke buhu. Sinadarin da ke cikinsu, daikulobos, an yi shi ne don feshi, ba don a cuɗanya shi da abinci ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda shi. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo, an kuwa sami buhunan da suka kai 4.6, ninki 460 ke nan. Turawa sun rufe ƙofarsu. To waken da suka ƙi, wa ya ci? Ya zama ƙosai da alale da wake da shinkafa, a nan gida. Abin takaicin shi ne maganin matsalar ba sabo ba ne. Buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi tare da masu bincike na Afirka ta Yamma, ciki har da na Maraɗi, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba ɗigon magani. A Kano ma ana yin sa. Amma buhun kuɗi ne a hannu yau, cutar kuwa ta wani ce, wata rana, a wani gari.

Akwai gubar da ba wanda ya zuba ta, ita ta fi damuna, domin ba ta da ɗanɗano kuma ba ta kwantar da mutum a ranar. In gyaɗa ko masara ta sha danshi kafin ta bushe, ko aka shanya ta a ƙasa, fumfuna na kama ta, fumfunar kuma na fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Birazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Amma yawancin ɓarnarta a hankali take yi: tana cin hanta shekara da shekaru har ta kai ga daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa. Tana kuma tsumburar da yara.

Ku lura da tafiyar gyaɗa a kasuwa. Ana tsince masu kyau a sayar wa mai suya da mai fitarwa waje. Tsintacciyar, mai baƙi da mai yamushi, ba a zubar da ita. Ana sayar da ita da araha, a niƙa, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, a daka ƙulin a yi yajin tsire. Da an niƙa shi ke nan, ido ba ya sake ganin komai. Suya ba ta kashe wannan gubar, tafasa ma haka. Abin da ya ragu a ba kaji da shanu, ya dawo mana ta nono. Ina faɗin haka ne a garin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT da na wake na SAMPEA, waɗanda sunan Samaru ke jikinsu. Mun iya gona. Tsakanin rumbu da baki ne muke sakaci. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona ya rage fumfunar mai guba, amma manomi nawa a Giwa ko Soba ya taɓa riƙe shi?

Sauran hanyoyin kun san su, ba sai na daɗe ba. Ƙosai mai zafi a tsohuwar jarida, tawada na narkewa cikin mai. Balangu a takardar siminti. Koko mai tururi da alale a leda. Man suyar da ya kwana uku a kasko har ya yi baƙi, ana ƙara sabo a kai. Ganda da aka babbake da taya. Manja da aka ƙara wa jan rini don ya yi kyau. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, aka ɗauraye aka zuba man gyaɗa. Latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwatar gari. Sai tukunyar da muke kira ta dalma. Da alminiyon ake yin ta, amma daga narkakkun tarkacen injuna, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan irinta a Kamaru sun nuna tana sakin dalmar gaske cikin abinci. Wanda ya raɗa mata suna bai yi ƙarya ba. Abin da dalma ke yi wa yaro kuwa, Zamfara ta nuna mana a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake dakan dutsen zinariya a cikin gidajen da ake dakan hatsi.

Za a ce a duba lambar NAFDAC. A duba, yana da kyau. Amma ku ƙirga abin da kuka ci daga jiya zuwa yanzu, nawa ne ke da lamba? Hukuma na iya shiga babbar masana'anta ta ɗauki samfur. Ba za ta iya bin kowace mai kunun aya ba, kuma kamen da ake yi lokaci-lokaci ba ya koya wa kowa komai sai ɓoye kaya.

Nan ne laifi ya zo kanmu, mu na cikin jami'a. Titin Sakkwato kaɗai ya raba Jami'ar Ahmadu Bello da cikin garin Samaru. A wannan gefen akwai ɗakunan gwaji, ga Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai a Basawa, tafiyar 'yan mintoci. Duk shekara ɗalibanmu na tsallaka titin nan su sayo burodi da ƙuli da zoɓo, su gwada, su rubuta kundi da Turanci, a ba su maki, a jera kundin a kanta ƙura ta rufe shi. Matar da aka sayi zoɓon a hannunta ba ta taɓa jin sakamako ba. Ni ma na duba irin waɗannan kundaye na sa hannu, don haka ba wani nake nunawa da yatsa ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. A ware rana ɗaya a wata, a kafa tebur a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, inda mai burodi zai kawo imfurubarsa, mai lemo ta kawo ɗan tsaminta, mai ƙuli ta kawo gyaɗarta, a gwada a gaya musu da Hausa, ba tara, ba kame, ba kiran suna. Gwajin buromet na minti kaɗan ne, na afulatoksin ma akwai mai kama da tsinken gwajin maleriya. Shugabannin kasuwa kuma, ku da dilolin ke jin maganarku, ku sa ƙa'ida cewa duk mai ƙulla farin gari ya ajiye buhun asali a gefensa, mai saye ya gani da idonsa.

Shugaban zama, na ga kana duba agogo. Saura ƙullin nan biyu. Na hagun shi ne ɗan tsami, kuma na san haka ne kawai don na ɗaura masa jan zare da safe. A matsar da ɗayan daga kusa da kofin ruwan nan, sai mu shiga tambayoyi.