Muhammad Makin, Malamin Ƙasar Sin Da Ya Yi Fataucin Ilimi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

An ba mu ɗan lokaci mu ce wani abu a wannan zama, ga shi mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne, ɗan abin da muka samo a Islamiyya shi muke lallaɓawa. In mun yi tuntuɓe, malamai su gyara mana. Tun muna yara muke jin sunan Sin a matsayin ƙarshen nisa, yau kuma ga kayansu cike da shagunanmu, amma kaɗan ne cikinmu za su iya kawo sunan malaminsu ko ɗaya. To, yau mun zo muku da guda.

Sunansa Ma Jian, Larabawa kuma suna ce masa Muhammad Makin. An haife shi a 1906 a garin Shadian, lardin Yunnan, kudu maso yammacin Sin. Ɗan jama'ar Hui ne, wato Musulmin da harshensu Sinanci ne, suna zaune 'yan tsiraru a tsakiyar al'umma mai ɗimbin yawa wadda ba addininsu ɗaya ba. Ya yi karatu a gida, ya wuce makarantar horar da malamai ta Musulunci a Shanghai. A ƙarshen 1931 ya shiga ayarin farko na ɗaliban Sin da aka tura Azhar a Alƙahira, ya kuma haɗa da Darul Ulum. Shekara takwas ya yi a Masar.

A nan ne abin da ya ja hankalinmu yake, jama'a. Falke na gari ba ya tafiya hannu wofi, ba ya dawowa hannu wofi. Makin ya tarar Larabawa ba su san komai sosai game da mutanensa ba, sai ya rubuta littafi da Larabci kan tarihin Musulunci a Sin da halin da Musulmin can suke ciki. Ya kuma ɗauki littafin zantukan Konfushiyos, babban mai hikimar Sinawa, ya mayar da shi Larabci, aka buga a Alƙahira a 1935. Ta ɗaya hannun, ya fassara Risalatut Tauhid na Shaihu Muhammad Abduh zuwa Sinanci. Ya kai kayan gida waje, ya kawo na waje gida.

Da ya koma Sin a 1939, sai ya fuskanci babban aikin rayuwarsa, fassarar Alƙur'ani mai girma. Ba shi ya fara ba. Cikakkiyar fassarar farko ta fito a 1927, amma wanda ya yi ta ba Musulmi ba ne, kuma daga fassarar Japananci ya ɗauko. Ku 'yan kasuwa kun san yadda kaya yake komawa in ya bi hannu da yawa. Makin ya ɗauko kai tsaye daga Larabci, ya kuma zaɓi Sinancin yau da kullum, wanda mai shago da manomi za su gane, ya bar tsohon harshen littattafai da sai masu zurfin karatu suke iya buɗewa.

A 1946 ya zama farfesa a Jami'ar Beijing, inda ya kafa karatun Larabci. Ya yi wa shugabannin ƙasar tafinta in baƙi Larabawa sun zo, ya zauna a majalisar ƙasa daga 1954, ya jagoranci ƙamus na Larabci da Sinanci wanda ya fito a 1966.

Amma fa hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A wannan shekara ta 1966 aka shiga guguwar da suka kira juyin al'adu, wadda ta ɗauki shekara goma. Aka rufe masallatai, aka wulaƙanta malamai, shi ma bai tsira ba. A 1975 sojoji suka afka wa garinsu Shadian, aka kashe mutum fiye da 1,000. Ga ciwon sukari, ga ido ya yi rauni, duk da haka bai ajiye aikin ba. Ya rasu a 1978, bai ga littafin da idonsa ba. Sai a 1981 aka buga cikakkiyar fassarar a Beijing. Daga baya maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta ɗauke ta tana bugawa, ita ce kuma maɗaba'ar da ta buga fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Sama da shekara 40 tsakanin fara aiki da fitowarsa!

To, me ya sa muka kawo wannan labari a nan? Mu ma zaman 'yan tsiraru muke yi. Maƙwabtanmu sun san mu da goro da shanu da canjin kuɗi, amma wa ya taɓa zama ya bayyana musu tarihinmu da harshensu? Ga yaranmu da aka haifa a nan, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, wasunmu har suna jin kunyar haka. Makin bai ji kunyar harshen da ya tashi a cikinsa ba, ya ƙware a kansa, ya ƙware a Larabci, shi ya sa ya amfani ɓangarorin biyu. Muna roƙon ƙungiya ta dubi yaran nan masu harshe biyu da uku, ta tsaya musu su yi karatu mai zurfi, kada mu riƙa cire su daga aji don tsaron shago.

Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya sa aikinsa a mizani, mu kuma ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.