Ƙibar matasa: a rage nauyi ba tare da an sa yaro tsoron abinci ba



A wurinmu, in yaro ya yi jiki sai a ce hutu ne. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, ke fama da ƙiba mai yawa. Ita ce ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Yaron da ke bin shanu yini guda ba kasafai ta kan kama shi ba. Amma wanda ya dawo gari yana tsaron shago, ga lemun kwalba, ga soye-soye, ga waya a hannu, shi ne abin dubawa.

Sai dai iyaye, a yi hattara wajen gyara. Gori da sunan tsokana da hana abinci ba magani ba ne. Suna iya jefa matashi cikin wata cutar, inda zai riƙa ƙin cin abinci da gangan, ko ya ci da yawa a ɓoye sannan ya ƙaƙalo amai. Wannan kan taɓa zuciya, har ya kai ga rasa rai. Ta fi kama 'yan mata, amma samari ma ba su tsira ba.

Me za a yi? A gyara tukunyar gida gaba ɗaya, kada a ware yaro shi kaɗai. A ci sau uku, a ci tare. A rage sukari a shayi da fura, a ƙara wake, zogale da rama. Ruwa ya maye gurbin lemu. Motsa jiki awa guda kullum, ko ƙwallo, ko keke, ko tafiya. Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, a bar shi inda aka gan shi.

In kun ga rama ta gaggawa, jiri, shiga banɗaki da zarar an gama cin abinci, ko al'adar yarinya ta ɗauke, kada ku yaba, kada ku yi faɗa. Ku zauna da ita cikin lalama, ku kai ta asibiti.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.