Tiyatar Huji ga Kafaɗa Mai Gocewa: Amincinta da Haɗarinta



Batun wannan lacca shi ne aikin da likitocin ƙashi ke yi wa kafaɗar da ta saba gocewa, ba tare da sun tsaga ta ba. Tambayar da majiyyaci kan fara yi ita ce, shin aikin nan yana da haɗari? Amsar a taƙaice ita ce, ba kasafai ake samun matsala a ɗakin tiyata ba. Babban haɗarin yana wajen zaɓen wanda aikin ya dace da shi.

Da farko ya kamata a san yadda Allah ya gina wannan gaɓa. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Gurbin yana da leɓe na guringuntsi wanda ya kewaye shi, yana ƙara masa zurfi. In mutum ya fāɗi, ko aka banƙare masa hannu, kamar yadda kan faru ga ɗan kokawa ko wanda ya kife da babur, sai ƙashin ya fita, galibi ta gaba, ya yage leɓen nan. Muddin leɓen bai koma ya manne ba, kafaɗa za ta yi ta gocewa.

Wani likitan Ingila mai suna Bankart shi ne ya bayyana wannan rauni a 1923, ya kuma nuna yadda ake tsaga kafaɗa a ɗinke leɓen. Madubin leƙa gaɓa kuwa a Japan aka raine shi, a hannun Takagi da almajirinsa Watanabe. Daga wajejen 1990 aka haɗa hikimomin biyu. Akan huda kafaɗa wuri biyu ko uku, kowane huji bai fi faɗin ɗan yatsa ba, a zura siririn madubi mai kyamara, a cika gaɓar da ruwa, sa'an nan a kafa 'yan ƙusoshi masu zare a bakin gurbin, a ɗaure leɓen da su.

Haɗarin aikin iri uku ne. Na farko shi ne na ranar tiyata. Akwai jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin gaɓar, wadda ke sarrafa naman da ke ɗaga hannu. Tana iya miƙewa ko ta ji rauni, amma yawanci mutuwar jikin da kan biyo baya takan warware da kanta. Allurar kashe zafi da ake yi a gefen wuya takan dakatar da rabin tantanin numfashi na wasu sa'o'i. Mai lafiya ba ya ko lura, amma mai ciwon huhu tilas ne ya faɗa wa likitan sa barci tun da wuri. Haka kuma in a zaune aka yi aikin, wajibi ne a tsare bugun jini kada ya sauka har ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Shigar ƙwayoyin cuta kuwa ba ta kai wa mutum 1 cikin 100.

Na biyu shi ne wanda kan bayyana daga baya. Kafaɗa tana iya sanƙarewa in an ɗaure ta tamau. Ƙusa tana iya yin tsini ko ta kwance, ta riƙa gurzar guringuntsi. Akwai kuma darasi mai ɗaci a tarihin aikin. A wani lokaci an riƙa barin siririn bututu a cikin gaɓar yana ɗiga maganin kashe zafi bayan tiyata, sai aka tarar guringuntsin wasu matasa ya narke. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2009, aka bar wannan hanya. Ba kowace sabuwar dabara ce alheri ba sai an ga ƙarshenta.

Na uku, wanda ya fi duka yawa, shi ne kafaɗar ta sake gocewa. A nan ne zancen zaɓe ya shigo. Duk sa'ad da ƙashi ya fita ya koma, yakan ɗan ci bakin gurbin, shi ma kansa ya lotsa. In cin ya yi yawa, to, ɗinkin leɓe ya zama ɗaurin gammo a kan abin da ya riga ya karkace. A shekarar 2000, likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, sun bi sawun aiki 194. Cikin waɗanda ƙashinsu bai cinye sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne kafaɗarsu ta sake gocewa. Cikin waɗanda nasu ya cinye kuwa, kashi 67 ne. Likitoci ɗaya, aiki ɗaya, amma sakamako ya bambanta kamar dare da rana.

A 2007 Balg da Boileau suka ƙara haske. Suka nuna cewa wanda bai wuce shekara 20 ba, da mai wasan gasa ko na karo da juna, da wanda gaɓoɓinsa ke da sako-sako tun asali, sun fi kowa fuskantar komowar ciwon. Ɗan dambe matashi da magatakarda mai shekara 40 ba magani ɗaya ne nasu ba. Ga wanda ƙashinsa ya cinye akwai aikin da Latarjet na birnin Liyon ya fito da shi a 1954, watau a yanko wani ɗan ƙashi daga allon kafaɗa a dasa a bakin gurbin. Ya fi hana gocewa, amma matsalolinsa sun fi yawa. Kowane aiki da nasa farashi.

Saboda haka akwai abubuwa uku da suka rataya a wuyan majiyyaci. Kada ya yi ta kai kafaɗarsa ana mayarwa shekara da shekaru, domin kowace gocewa tana rage ƙashin da za a yi gyara a kansa. Ya tambayi likita ko an auna abin da ya saura na gurbin a hoto, da dalilin da ya sa aka zaɓar masa wannan aiki ba wancan ba. In kuma yana da farfaɗiya, a fara shawo kanta. Sa'an nan ya yi haƙuri da jinya: hannu a rataye mako 4 zuwa 6, motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, wasan karo kuwa sai bayan kamar wata 6. Hujin fata yakan warke cikin mako biyu, amma na ciki bai warke ba, kuma nan ne gaggawa kan haifi nawa.

Ƙanƙantar tabo ba ita ce ƙanƙantar aiki ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.