Yadda ake raba ruwa da ɗanyen mai



Rijiyar mai ba ta ba da mai zalla. Ɗanyen mai yana fitowa ne tare da ruwan gishiri, kuma idan rijiya ta tsufa ruwan yakan fi man yawa. A hanyar fitowa, famfuna da matsattsun bawul suna kaɗa su da ƙarfi har ruwan ya farfashe, ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, ya ɓuya cikin man. Mai saye kuwa ba ya biyan kuɗin ruwa: galibi ba a yarda ruwa da laka su wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Matata ma, ta Kaduna ce ko ta Damagaram, sai ta wanke gishirin kafin ta dafa man, domin da ya sha zafi yakan haifar da asid mai cin ƙarfe.

Me ya hana ruwan kwantawa, alhali ya fi mai nauyi? Cikin ɗanyen mai akwai asfaltin da rezin da kakin zuma irin na ƙasa da ƙurar yumɓu. Waɗannan ne ke taruwa a bayan kowane ɗigo, su yi masa ɓawo. Ɗigo biyu sai su yi karo su rabu, kowa da rigarsa. Ɓawon kuma ƙara tauri yake yi da daɗewa, shi ya sa injiniyoyi ke zuba maganin fasa ɓawon tun daga bakin rijiya.

Wuta na taimakawa. Duk wadda ta taɓa narkar da man shanu ta ga yadda ruwan da ke ɓoye cikinsa yake rabuwa da man. Lantarki ma na taimakawa, dabarar da Frederick Cottrell ya fara gwadawa a kan man Kalifoniya. Amma ainihin aikin na safaktan ne, sinadarin da kansa ke son ruwa, wutsiyarsa ke son mai. Wanda aka haɗa don wannan aiki yana ratsa man, ya isa bayan ɗigon, ya ture asfaltin, ya maye gurbinsa da fata mai rauni. Daga nan ɗigo ya haɗiye ɗigo. Lissafin Stokes ya nuna idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, saurin nutsewarsa ninkawa huɗu yake yi. William Barnickel, wanda ya kafa kamfanin Tretolite a Amurka, da gishirin ƙarfe da sabulu ya fara haɗa maganin raba ruwa da mai. Magungunan yau, waɗanda ake ɗinka musu sarƙoƙin etilin oksaid da furofilin oksaid, 'yan ɗigo cikin miliyan sun isa.

A nan ne abin ya fi daɗin nazari. A 1949 William Griffin ya fito da ma'aunin HLB, daga sifili zuwa 20: ƙaramar lamba mai son mai, babba mai son ruwa. Asfaltin ya karkata ga mai, don haka ake kawo masa abokin karo wanda ya karkata ga ruwa. Jean-Louis Salager da abokan aikinsa na jami'ar Los Andes a Benezuwela sun nuna cewa gaurayen ruwa da man ya fi saurin wargajewa daidai inda ƙarfin biyun ya zo kunnen doki. Mai ganin ƙarin magani ƙarin lafiya ne, a nan yake yin asara biyu: ya ƙona kuɗi, sannan maganin da kansa ya sake ɗaure ruwan, ko ya tura mai cikin ruwan da za a zubar.

Wurin kunnen dokin kuma ba ya zama wuri guda. Zafi na motsa shi, yawan gishiri na motsa shi, irin man ma haka. Maganin da ya yi aiki a man Neja Delta mara nauyi ba lallai ya yi a na Agadem ba. Saboda haka har yau, duk da na'urori, masanin sinadarai yakan je filin da kansa. Ya ɗebi sabon mai, ya cika jerin kwalabe masu ma'auni, ya ɗiga wa kowace nata maganin, ya girgiza, ya tsoma su a ruwan zafi daidai da zafin tankin wurin, yana duba agogo. Abu uku yake nema: saurin saukar ruwa, tsabtarsa, da kaifin layin da ke tsakani. Kwalbar da ta bar dunƙulen laka mai ruwan ƙasa a tsakiya ta faɗi, ko da ta riga sauran sauke ruwa.