Maganin Dekisa: Yadda Yake Aiki a Jiki

Ƴan ajin yaƙi da jahilci na Tanut da Belbeji, ina gaishe ku.

Yau za mu yi magana bisa wata ƴar ƙwaya da ake saidawa a kan tire a kasuwa, kamar ta Bakin Birji. Ana ce mata dekisa. A jikin kwali an rubuta DEXAMETHASONE. Ku rubuta haruffa huɗu na farko: D, E, X, A.

A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama ƙarami. Shi ke yin wani ruwa, kortizol, wanda ke kwantar da kumburi, yana kuma tallafar jini. Dekisa kwaikwayon wannan ruwa ne, amma ya fi shi ƙarfi wajen sau 25.

Magani ne na gaske. In ƙurar hunturu ta tada wa mai fuka ciwonsa, lokotoro kan ba shi na ƴan kwanaki, numfashi ya buɗe. A 2020 likitocin Ingila sun gano yana ceton masu korona da numfashi ya gagara.

To, ina matsalar? Wasu mata na shan shi don su yi ƙiba. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su rame. Hawan jini da ciwon suga su biyo baya, ƙashi ya yi rauni, tarin tibi da ya kwanta ya farka.

Ku saurara nan da kyau. Ku ɗauki manomin Damargu wanda kullum ake aiko masa da hatsi. Sai ya jingine hauya, gona ta zama saura. Ran da aka yanke aike, rumbu ba kome. Haka ɗan naman nan yake. In aka sha dekisa fiye da mako uku, sai ya rage aiki. In aka bari dare ɗaya, sai kasala, amai, jiri, har mutuwa tana iya zuwa.

Saboda haka, ƴar'uwa, in kin daɗe kina sha, kada ki yar da shi yau don kin ji ni. Ki ɗauki kwalin ki tafi likita, a rage miki kaɗan-kaɗan. Wanda kuwa lokotoro ya rubuta masa, ya sha da safe bayan abinci, kada ya ƙara ko kwana ɗaya.

Malamai, ku rubuta DEXA a allo, kowa ya karanta. Sai mako mai zuwa.