Wa ke tambayar mai riƙe da kuɗin komin?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na garinmu ya karanta a taron ƙungiya, da sunan ƴan uwansa malamai. Mun buga shi don waɗanda ke ci-rani su samu.)

 

Maigari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Iyayenmu dattawa maza da mata, Allah shi ƙara muku lafiya da nisan kwana. Muna gaida ku ƴan uwa da wagga takarda za ta iske a Maraɗi, da Yamai, da Agadas, da Kano, har da Libiya, Allah shi maido mana ku lafiya.

Shugabannin ƙungiya sun nemi mu malaman lakwal mu yi bayani bisa sha'anin komin ɗinmu ta El Alasan Mairairai, saboda ƴan ci-rani sun yawaita tambaya: kuɗin lanho da ake amsa, da na tikitin kasuwa, ina suke zuwa, wa kuma ke duba masu riƙe da su? Ba don mun fi kowa sani anka zaɓe mu ba. Takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su, mu kuwa da shi anka horar da mu a makarantar malamai, shi ke nan dalili. Kuma tun da farko mu faɗa, ba mu zo da ƙarar kowa ba.

Ku iyayenmu kun riga mu ganin mulki. Daga bakinku munka ji labarin zamanin da hukunci ke fitowa daga Tasawa, wurin kumandan. A 1964 anka yi ma Mayahi nata yanki da nata sufurfe. Bayan Seyni Kunce ya amshi mulki a 1974, an shirya majalisun raya ƙasa tun daga ƙauye har sama, bisa samariya da kofaratif. Maigari ke shugabantar ta ƙauye, sarki ta kanto, sufurfe ta yanki. Ku lura da nan wurin: wanda ya kamata a yi ma tambaya, shi ne ke zaune bisa kujerar shugaban taro. Har yau kuna ba mu labarin yadda Kunce ke dira ofis da sassafe babu sanarwa, ma'aikata na rawar jiki. Gaskiya ne an ji tsoro. Amma tsoron na mutum ɗaya ne, kuma da ya rasu a 1987 tsoron ya bi shi.

Komin da muke da ita yau dokar 2002 ce ta kafa ta, ɗaya cikin takwas na gundumar Mayahi, tare da Mayahi, Kanambakashe, Isawan, Cake, Atantane, Gidan Amumun da Sarkin Hausa. Mu mutanen Mayahi ma mun riga wasu ɗanɗanawa, don tun kafin zaɓe wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gwada majalisun share fage a nan da Ngigmi. Ran 24 ga Yuli 2004 anka yi zaɓen kansiloli a komin 265 na ƙasa. Yawancinmu masu wanga jawabi muna bisa bencin lakwal a lokacin, amma muna tune da murnar da anka yi, ana cewa mulki ya sauko gida.

To, mi ya sauko? Dokar ƙananan hukumomi ta watan Satumba 2010 ta shimfiɗa shi dalla-dalla, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don wanda bai san abin da ya samu ba, ba zai gane abin da ya kuɓuce masa ba.

Mu ke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da wurin zama, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Majalisa na zama sau huɗu a shekara, wato kowane wata ukku, kuma ƙofar zauren buɗe take. Kowane ɗan komin na iya shiga ya zauna ya saurara, ko da ba a ba shi izinin magana ba. Mu tambayi kanmu da gaskiya: cikinmu nan, mutum nawa ya taɓa zuwa? Mu kanmu malamai, in an ƙidaya, ba za mu cika yatsun hannu guda ba.

Babban aikin majalisa shi ne bije, wato lissafin abin da ake sa ran zai shigo da abin da za a kashe cikin shekara. Magajin gari ba ya da ikon kashe dala guda da majalisa ba ta amince da ita ba. Kuma doka ta raba hannu biyu: magajin gari ke ba da umurnin biya, amma kuɗin suna hannun ma'aji, shi ke duba takardu kafin ya fid da su. In shekara ta ƙare kowanensu ya kawo nasa lissafi, a aza su kusa da juna a ga ko sun yi daidai. Abin ya yi kama da rumbun tsimi na ƙauye mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin wane, ɗaya wurin wane. Ran da mutum guda ya haɗa mabuɗan a aljihunsa, kun san yadda hatsi ke ƙarewa.

Akwai wata ƙa'ida da muke so kowa ya riƙe ta a ka. Dokar ta ce a cikin kuɗin shiga na yau da kullum, aƙalla kashi 45 cikin 100 a ware su don aikin da ido ke gani: aji, rijiya, ɗakin shan magani, runfar kasuwa. Da lissafinmu na gida, duk jika guda da ta shiga, dala 90 na aiki ne, dala 110 na albashi da man mota da takardu. Shekara da shekaru lanho a ƙauyukan ƙasar nan dala 140 ne bisa kowane mai biya, wato sefa 700. Mu ɗauki misali, gari mai mutum 500 masu biya: jika 350 ke nan a shekara. Kuɗin ba su da yawa, ba za su gina aji guda na siminti ba. Shi ya sa kasuwa ke da nauyi, musamman kasuwar bisashe, inda ake amsar kuɗi bisa kowace dabba. Kuma shi ya sa komin ke dogara da abin da gwamnati ke turowa da abin da masu ba da agaji ke kawowa. Mun faɗi wannan don kada mu zargi mutum da cinye abin da tun asali bai shigo ba.

In magajin gari ya karkace, kansiloli na da ikon jefa ƙuri'ar rashin amincewa su sauke shi. Daga sama kuma furfe ke duba ko shawarwarin majalisa sun bi doka, masu bincike na ma'aikatar cikin gida na zuwa su buɗe littattafai, gwamnati na iya tsige magajin gari. An yi haka ko a Yamai, a 2013 da kuma 2017. Sai dai nan akwai giɓi tun can. Furfe da gwamna naɗa su ake yi daga Yamai, kuma babu wani zaure a Mayahi inda talaka ko kansila zai tsai da furfe ya ce masa kawo lissafi. Bincike daga sama yake gangarowa, ba ya hawa.

Kada mu yi ma majalisa kwalliyar da ba ta da ita. Ɗaya daga cikinmu ya yi aiki a wata komin, ba za mu faɗi sunanta ba, ya halarci zaman bije. An karanta takarda mai shafi da yawa da Faransanci, da sauri kamar ana gudun hadari. Kansilolin da sunka fahimta ba su kai rabi ba. Anka ce wa ya yarda, hannuwa sunka tashi, anka sa hannu bisa takardar kuɗin zama, anka watse kafin la'asar. Da ya tambayi wani dattijo cikinsu abin da anka ware ma lakwal, sai dattijon ya yi dariya ya ce, ai mushe kai ya kamata ka gaya mini. Ga kuma rigimar jam'iyya, inda ƙuri'ar rashin amincewa ke zama makamin rabon kujera. Ga wa'adin da anka yi ta ja: waɗanda anka zaɓa a Janairu 2011 don shekara biyar sun zauna har zaɓen 13 ga Disamba 2020.

Duk da haka, akwai wanda za ka tare a bakin masallaci ran Juma'a ka ce masa, kai munka zaɓa, ina maganar rijiyarmu? Yana jin nauyinka, don ya san zai dawo neman ƙuri'a.

Yanzu ga inda muke. Bayan sojoji sun amshi mulki ran 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu bisa dokar da ta rusa majalisun komin da na birane da na jihohi duka, anka naɗa kantomomi su riƙe. Ba wannan ne karo na farko ba, an yi irinsa a 2010 bayan juyin mulkin Salu Jibo. Ba aikin ƙungiyarmu ba ne ta yanke hukunci bisa wanga mataki, kuma kantoma na iya zama mutumin kirki mai tsoron Allah. Abin da muke nunawa lissafi ne kawai. Da, mai tsara bije daban, masu amincewa da shi daban, kuma masu amincewar ɗiyan ƙauyukanmu ne. Yanzu kujerunsu babu kowa bisa. Kantoma wanda ya naɗa shi yake ba amsa. Lanho kuwa ba a rusa shi ba, tikitin kasuwa ma haka.

Wani zai ce ai gwamnati ta kafa hukumar COLDEFF a 2023 don farautar waɗanda sunka ci dukiyar ƙasa. Haka ne. Amma mai bincike daga Yamai takarda yake dubawa. In takarda ta ce an gyara rijiya a gari kaza, ga sa hannu, ga hatimi, shi ya gama aikinsa. Wadda ta san ko an gyara ita ce matar da ke jan guga. Wanda ya san ko benci 30 anka kawo ko 18, shi ne malamin da ke zaunar da yara huɗu bisa bencin mutum biyu.

Ku yi mana haƙuri mu tsaya bisa lakwal, don nan ne namu ciwo. Tun 2016 gwamnati ta miƙa ma komin wani sashe na sha'anin ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli. Gina aji na firamare da gyaransa na cikin abin da anka miƙa, ko da yake kuɗin ba su biyo aikin yadda ya kamata ba. Kun san ajin zana da muke kafawa kowace shekara bayan kaka. Ran 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a wata lakwal cikin garin Maraɗi, yara ƙanana sama da 20 sunka rasu. A watan Afrilu na shekarar an yi irin wannan rashi a Yamai. Duk malamin da ke koyarwa cikin zana, in iskar hunturu ta taso, da ido guda yake kallon allo. Saboda haka in mun ce a tambayi layin bije da ya shafi aji, ba son rigima ba ne ya sa.

Ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi.

Duk wanda ya biya lanho ko kuɗin kasuwa ya amshi rasit, ya ajiye. Kuɗin da anka amsa babu takarda, ba su da hanyar isa asusun komin sai in mai amsar ya ga dama. Mun san akwai jin kunya, mutum ya ce yaya zan nemi takarda wurin maigari, ubana ne. Ranka shi daɗe, kai ma takardar kariya ce gare ka, ran da wani zai ce garinmu bai cika kuɗinsa ba. Ku ƴan ci-rani da ke aiko kuɗin lanho na gidajenku, ku ce a ɗauki hoton rasit a turo muku ta WhatsApp.

Sannan ƙungiya ta tura wakilai meri, dattawa biyu da mace guda da malami guda, su gaida kantoma da ladabi, su nemi a nuna musu bijen bana da lissafin bara. Dokar 2010 ta ba ɗan komin damar ganin waɗannan takardu. Tambayoyin ba su da yawa: nawa anka sa ran samu, nawa ya shigo, nawa ya tafi ga aikin gani da ido, a wane gari. Mu malamai mun ɗauki alkawarin juya abin da anka samu zuwa Hausa, a buga shi cikin wagga takarda, a karanta ma wanda bai iya karatu ba. Kundin da anka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. In haka ne, roƙon a karanta mana lissafin kuɗinmu da Hausa bai zama rashin kunya ba. In an ce a dawo, a dawo. In an hana, a rubuta takarda zuwa ga furfe a Mayahi, a riƙe kwafi.

Saura magana guda, kuma ita ce mai ɗaci. Asusun ƙungiyarmu da kansa, kuɗin da kuke aikowa daga ci-rani don famfo da katangar maƙabarta, an daɗe ba a karanta lissafinsa gaban taro ba. Ba mu ce an ci ko dala ba. Amma in wakilanmu sunka isa meri anka ce musu ku naku fa, da wane baki za su amsa? Muna roƙon ma'ajinmu ya zo da littafi a taro mai zuwa, a karanta shiga da fita, kafin wakilai su kama hanya.

Waɗanda ke nesa, duk mai tambayar da yake so a kai meri ya aiko ta ga sakataren ƙungiya kafin wancan taro, ya faɗi sunan gari da aikin da yake magana a kai. Iyayenmu, in mun yi kuskure cikin labarin zamanin da ba mu gani ba, ku gyara mana yanzu, a rubuta gyaran a fitowa ta gaba.