Dokar Hanya da Rayukan Mazauna Bakin Kwalta



Mutanen Sudan sun daɗe suna kiran kwaltar Khartum zuwa Wad Madani hanyar mutuwa. Ita ce ke zarcewa Sinnar, ta bi ta Maiwurno, ta kai Sinja da Damazin, kuma a bakinta ƙauyukanmu da yawa suke. Magana ɗaya nake so in kafa yau: gudu ne ke cin mutanenmu, kuma direba ba ya rage gudu sai ya tabbata akwai mai ganinsa.

Hujja tana gabanmu. Sudan tana da dokar zirga-zirga ta 2010, amma lokacin da aka fi ganin aikinta shi ne kwanakin Idi, da tsarin da ake kira tafwij. 'Yan sandan murur, wato masu kula da zirga-zirga, sukan tara motocin fasinja, su jera su ayari guda, motarsu a gaba, ba mai wuce ɗan'uwansa. Kwaltar ita ce ta jiya, direbobin su ne na jiya, amma tuƙin ya natsu, domin hukuma tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin da ke kisa yakan ƙaru da kashi 4. Ga mai tafiya a ƙasa abin ya fi muni: motar da ke gudun kilomita 65 a awa ta ninka mai gudun 50 sau huɗu da rabi wajen kashe wanda ta buge. Mai tafiya a ƙasa kuwa mu ne, yaron da aka aika kasuwa da manomin da ke dawowa daga gona da amalanken jaki bayan magariba, ba fitila.

Wani zai ce laifin hanyar ne, ta yi ƙunci, mai zuwa da mai komawa suna goga kafaɗa. Gaskiya ne, a faɗaɗa ta. Sai dai faffaɗar kwalta da ta ratsa tsakiyar gari ba mai tsaro, ƙarin gudu take gayyata, kuma bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuɗin wannan aiki ba kusa suke ba. Wani kuma zai ce tara ta zama hanyar karɓar kuɗi kawai. Wannan suka tana da nauyi, domin direban da ya biya nan take ya ci gaba da gudunsa bai koyi kome ba. Maganinta a haɗa tara da janye lasin mai maimaita laifi. Mai cewa ajali ne kuwa, addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya a kan kisan kuskure.

Saboda haka masu unguwanni da kwamitocin gari su nemi abin da ake iya yi bana: iyakar gudu a mashigar kowane ƙauye, tudun rage gudu gaban makarantu da kasuwanni, da ɗan sanda a wurin ranar kasuwa.